Buhu Mai Hoton Jomon

Shekara ashirin da biyu Rahelamma ta yi tana riƙe da shinkafar pidiyari a cocinmu na Tekkumala, kuma ba a taɓa jin ta ambaci sunan gida ko ɗaya da take kai wa ba. Abin mamakin shi ne matar nan ba ta iya riƙe zance. Ta san surukar da ta jefi matar ɗanta da ludayi, ta san dattijon cocin da ke laɓewa a bayan shagon giyar kwakwa ran Laraba, duk kuma ta baza su a gari har da ƙarin gishiri. Amma ka kuskura ka tambaye ta inda shinkafar nan take zuwa, sai ta dube ka sama da ƙasa ta tambaye ka ko ka rasa aikin yi ne a gidanku.

Al'adar ba wata mai wuya ba ce. Kowace mace in ta auna shinkafar girki, kafin ta zuba a ruwa sai ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta jefa a wata 'yar tukunya da ke gefen murhu. Lahadin farko na wata kowa ta ƙulla nata a tsumma ta kawo, a juye a babban akwatin katako da ke ɗakin zumuntar mata. Daga nan kuma sai Rahelamma. Da rana tsaka, lokacin da gari ya ci ya miƙe ƙafa, take ɗaukar kwandonta ta rufa masa ganyen ayaba, ta bi ta bayan gidaje kamar mai neman ciyawar akuya. Ba ta yin sallama, ba ta jiran godiya, juyewa kawai take yi a tukunyar da aka bari a ƙofar madafa ta wuce. Ko Accan, limamin cocin, bai san gidajen ba. Haka aka gada, mace ɗaya ce ke sani, in ta ji kwananta ya kusa ƙarewa ta raɗa wa wata.

Gidajen goma sha ɗaya ne. Goma daga ciki duk mai ido zai iya cankarsu in ya so. Na sha ɗayan kuwa shi ne gidan da ya fi kowanne girma a garin.

Ku ma kun san shi, wanda ke bakin kwana, mai zakuna biyu na siminti a kan ƙofa. Hawa biyu, ɗakuna tara, banɗaki bakwai, sai tsohuwa ɗaya 'yar shekara saba'in da tara, Sosamma, tana yawo a ciki da makullai. Ɗanta Jomon ne ya gina mata daga Teksas, don duniya ta shaida ya san darajar uwa. Da can filin nan rogo ne da ayaba da itatuwan kwakwa, ga kaji, ga saniya ɗaya. Sosamma ba ta taɓa zuwa kasuwa sayen abin miya ba. Jomon, Allah ya saka masa, ya sa aka sare komai aka shimfiɗe tsakar gidan da tayil har bakin katanga, wai kada Ammacci, wato uwarsa, ta zame a taɓo. Bayan nan masu katin shinkafar gwamnati suka zo suka auna faɗin ginin, suka cire sunanta daga cikin talakawa. Su ma ba laifinsu, wa zai ga banɗaki bakwai ya ce mai shi na neman shinkafa mai rahusa?

Jomon yana zaton ƙanwarsa Jinsi da ke aikin jinya a Kuwait ce ke ciyar da tsohuwar. Jinsi tana zaton Jomon ne. Rabon da su yi magana tun rigimar da suka yi kan filin. Amma fa kowannensu na kiran waya ran Lahadi, ba fashi.

"Ammacci, akwai abin da kike buƙata?"

"Ba komai, mone, ɗana, na gode wa Ubangiji."

To me kuma 'yar tsohon gida za ta ce? Shi kuwa ba za a kira shi marowaci ba. Kwalaye yake turowa: kujerar tausa, injin wanke kwanuka, wuƙa mai aiki da lantarki, ƙwayoyin ƙarin lafiya waɗanda aka rubuta a jikinsu a sha bayan cin abinci. Ya aiko firji mai ƙofa biyu wanda sai da maza shida suka ɗauka. Kwalbar ruwa ce a ciki da rabin lemun tsami.

Shekara uku da suka wuce Rahelamma ta leƙa gidan kai wata takardar zumunta, ta iske Sosamma a madafar marmara tana tafasa ganyen zogalen da ta tsinko ta kan katangar maƙwabta, daga shi sai gishiri. Sosamma ta ce likita ne ya sa ta. Rahelamma ta ce lallai likita ya kyauta. Washegari aka ga shinkafa a tukunyar ƙofar baya, kuma daga ranar ba wadda ta taɓa tayar da zancen a cikinsu. Abin da ya fi ci wa Rahelamma rai shi ne, kowane Lahadin farko sai ta ga Sosamma a layi da ɗan ƙullinta, ta cire cikin tafi daga shinkafar da aka ba ta, ta kawo ta juye tare da kowa.

Ana nan, bayan damina, sai ga Jomon ya iso da matarsa Tessi da akwatuna goma sha huɗu da kuma shirin kawar da yunwa daga duniya.

Ya dawo siriri, wuya a miƙe. Mata suka fara jajanta wa uwarsa, sai Tessi ta yi musu bayani cewa ramar tasa ta tsada ce. Akwai wani ƙwararre da yake biya yana koya masa zama da yunwa. Awa goma sha shida yake yi ba ya sa komai a baki, agogon hannunsa ne ke yi masa ƙara in lokacin ci ya yi. Shinkafa kuwa shekara huɗu rabonsa da ita, ya ce guba ce a jiki.

Ran Lahadi bayan wa'azi Accan Kuriyakos ya miƙa masa makirfo na minti biyar, ya riƙe minti arba'in.

"'Yan'uwa cikin Almasihu," in ji shi, "kun san mutum nawa ne suka tashi da yunwa yau a duniya?" Ya faɗi wata lamba mai sifiri rututu, ya dakata don ta shige mu. "A can inda muke, abincin da gidana kaɗai ke zubarwa a shara zai ciyar da unguwa guda a nan. Ni da idona na gani. Firjinmu uku, har mantawa muke yi da abin da ke ciki." Ya faɗi wannan da muryar tuba, amma sai da ya maimaita ukun sau biyu. Ya ce zuciyarsu ta karye a cocinsu na can, shi ne suka shirya liyafar yunwa. Kowa ya yanki tikiti ya zo ya zauna a ƙasa. "A ƙasa fa, Accan! Farar shinkafa ba miya, a ɗan kwano. Manyan likitoci, injiniyoyi, ina gaya muku mutane sun yi kuka."

Shi dai bai ci ba saboda gubar, amma ya zauna a ƙasan. Daga baya da Tessi ke nuna wa mata hotunan a wayarta, yatsanta ya zarce, aka ga mayunwatan duka bayan an tashi, suna zagaye da wani tebur a gidan gasa nama, kowa da tsumma a wuya.

Rahelamma ba ta damu ba, don ta saba jin 'yan ƙasar waje in sun zo hutu. Sai da ta ji ya ambaci pidiyari ta ɗago kai. Ya ce al'ada ce mai daɗin ji, ya tuna Ammaccinsa tana yi yana yaro, amma zamani ya wuce ta. Shinkafa iri goma a akwati ɗaya, hannu ɗari ya taɓa, ga ɓeraye, ba rajista, ba wanda ya san inda take zuwa. Ƙungiyarsa za ta riƙa kawo buhuna masu tsabta kowane wata, a-kori-kura ta kai har ƙofar gida. Abu ɗaya kawai ake nema, mai karɓa ya yi rajista a ɗauke shi hoto, saboda mutanen can ba sa sakin hannu sai sun ga fuska.

Kwamitin coci ya zauna ran Talata. Maza tara ne, babu wanda ya taɓa ɗora tukunya a cikinsu, suka yi nazari mai zurfi a kan girki suka amince baki ɗaya. Za a fitar da akwatin katako a kai ɗakin tarkace, mata su huta. An ce maganar na'urar sanyaya zauren taro da Jomon ya yi alkawari ba ta da nasaba da hukuncin, ni dai abin da aka ce nake faɗa.

Sai aka aika a kira Rahelamma barandar Accan. Ta iske Accan da Jomon suna shan shayi, na Jomon ba madara ba sukari.

"Anti," in ji Jomon. Da can Rahelammacci yake ce mata, kamar uwa. "Sunayen kawai muke so. Suna, lambar waya, sai hoto ɗaya."

"Hoton me?"

"Na fuska mana."

"Fuskar ce ke jin yunwar?"

Accan ya yi gyaran murya. "Rahelamma, abin alheri ne ya zo mana har gida. Buhu guda ai ya fi cikin tafi."

"Ya fi, Accan. To a kawo buhunan a juye a akwatin, ni kuma in kai. Kwandona bai tsufa ba."

Jomon ya yi murmushin nan da ake yi wa tsofaffi. "Anti, ba haka ake aiki ba yanzu. Ba na zargin kowa fa, kada ki fahimce ni ba daidai ba. Amma shekara ashirin da biyu mutum ɗaya na raba abu ba shaida..."

"Au, ni ce ɓeran da ka faɗa a coci? Tashi mu je ka buɗe tukunyata."

"Haba Anti. Abin da nake nufi, duk tsawon shekarun nan kun gama da yunwa? Har yau gida goma sha ɗaya. Mu shekara biyu muka ɗiba mu gama."

"Da yunwar ko da masu ita?"

"Talaka ba ya jin kunyar abinci, Anti. Wannan tunaninku ne na da. Wanda yunwa ta kama da gaske, da gudu zai zo."

Nan ne fa sunan ya taso mata har kan harshe. Ba ta taɓa jin sha'awar faɗin wata magana kamar wannan ba, ita da ta faɗi maganganu iri-iri a garin nan. Kalma biyu kawai, ta ga yadda kofin zai faɗi daga hannunsa. Ta danne, ta tashi ta gyara mayafinta, ta ce da Accan ta bar wake a wuta.

Maimakon gida, gidan zakuna ta nufa, ta ƙofar baya kamar kullum. Madafar ta cika da robobin abincin otal, don Tessi ba ta yarda da girkin ƙauye ba. Firjin nan yau har ƙofarsa ba ta rufuwa sosai. Sosamma na zaune a ɗan benci tana ɓare tafarnuwar da ba wanda ya sa ta.

"Cecci, yayata, sun rufe akwatin," in ji Rahelamma. Karo na farko ke nan a shekara uku da aka ambaci abin a tsakaninsu.

Sosamma ba ta ɗago ba. "Na ji."

"Yaushe zai koma?"

"Talata mai zuwa."

"To daga Laraba me za ki ci?"

"Ga firji nan cike."

"Na kwana nawa? Ki bar ni in gaya masa, Cecci. Ba a gaban kowa ba, ni da shi. Ɗanki ne fa, ba baƙo ba. Ko ke ki faɗa masa. Mutumin da ya tsallako teku neman mayunwaci, ga shi yana kwana a saman bene, mayunwacin na ƙasa."

"Rahele!" Tsohuwar ta ajiye wuƙar. "Kin ga yadda ya tsaya a coci? Kin ga yadda mutane ke kallonsa? Ubansa leburan gonar roba ne, kin sani, ko takalmi bai mutu da shi ba. Yau yaron nan Accan ke ja wa kujera. Ni zan tashi in ce wanda ya gina wannan gidan ya bar uwarsa ba abinci? Ya shiga ina da kunya? Bai sani ba ne. Ni ce ban faɗa ba."

"Shi ba ya da ido?"

"Ki riƙe giciyen wuyanki ki ce ba za ki faɗa ba."

Rahelamma ta riƙe, ta faɗa, ranta a ɓace. Da za ta fita Sosamma ta cusa mata robar soyayyen kifi, wai ta kai wa wani daga cikin gidajen, ai za a zubar ne.

Ran Asabar aka yi bikin ƙaddamarwa, da tsakar rana, a filin coci. An kafa rumfa ta mutum ɗari huɗu, an ɗaura wa kowace kujera ƙyalle mai walƙiya. An ɗauko masu girki daga Kottayam. Akwai appam, wainar shinkafa, da miyar agwagwa, akwai soyayyen naman sa da kwakwa, biriyani tukunya shida, jatan lande, kifi a ganyen ayaba, kunun zaƙi na payasam kala biyu, ga askirim ana ta kare shi daga rana. A gaban dandamali an jera buhunan shinkafa ashirin, ƙanana, farare tas, kowanne da hoton Jomon yana murmushi ya rungume taswirar duniya. A gefe guda kuma aka ajiye kujerun roba goma sha ɗaya, ba ƙyalle, an rataya allo a samansu an rubuta da manyan baƙaƙe: 'YAN'UWANMU MAYUNWATA.

Ba kowa a kansu, sai wani kare da ya samu inuwa.

Kafin a buɗe tukwane, Jomon ya sanar da cewa za a fara da ɗanɗana halin talaka. Aka bi kowa da ɗan kofin kanji, tsinkakken kunun shinkafa, a kurɓa a yi shiru na minti ɗaya. Rahelamma ta duba cikin kofinta ta ga ƙwayoyin, ja da fari, dogo da gajere, iri-iri. Ragowar shinkafar akwatin ce, rabon gida goma sha ɗaya na wata guda, aka dafa don mutum ɗari huɗu su ji tausayi. Mutane suka kurɓa sau ɗaya, suka yamutsa fuska yadda ya kamata, suka tura kofunan ƙarƙashin kujera. Minti ɗayan ma bai cika ba aka fara jin ƙarar murafen tukwane.

An ci, an ƙara, an saki zane. Accan ya sa albarka. Ma'ajin coci ya yi jawabi har ya ba kansa tausayi. Kujerun roba dai suna nan yadda suke. Jomon ya fara duban agogo, wannan karon ba don abinci ba. Dole bidiyon ya isa Teksas kafin sujadar gobe, buhunan kuma ana jiransu a wasu coci biyu kafin yamma, don su ma can za a ɗauki hoto da su. Rabon gaske sai an kammala rajista.

An maƙala masa ɗan makirfo a wuyan riga, muryarsa ta cika filin. "Ina roƙon uwarmu, Anti Rahelamma, wadda ta yi wa cocin nan hidima shekaru da yawa, ta taimaka ta kira mana 'yan'uwanmu su fito. Ba abin kunya ba ne. A tafa mata!"

Aka tafa. Ta miƙe a hankali. Sosamma na layin gaba cikin sari na siliki da surukarta ta naɗa mata, sarƙar zinariya a wuya, faranti a cinya ba ta ci rabi ba. Ba ta waiwayo ba, amma Rahelamma ta ga yadda kafaɗunta suka ƙanƙame.

"Mone," in ji Rahelamma, "tsufa ba daɗi. Jiya na kwanta da sunayen, yau na tashi sun zube."

Filin ya ɗauki dariya. Jomon ma ya yi, ta dole.

Mai hoton, wanda aka ɗauko tun daga Kocci, ya ce shi fa ba zai iya ɗaukar buhu ba fuska ba. Aka gwada masu kafa rumfa, ya ce sun yi ƙwanji da yawa. Aka kira matar da ke wanke kwanuka, ta ce 'yarta na neman miji, ba za a sa ta a bidiyon bara ba. Mai hoto ya yi ta zagaye yana leƙa fuskokin mutanen da suka ƙoshi, yana girgiza kai. Can sai ya tsaya cak a layin gaba.

"Yauwa! Ga ta nan. Dubi kumatun, dubi wuyan hannun. Wannan ko kwalliya ba ta so. Wace ce?"

"Kai, mahaifiyata ce!" in ji Jomon, yana dariya. Jama'a suka taya shi. "Ammacci haka jikinta yake, ba ta ƙiba. A wurinta na gado." Sai dariyar ta tsaya a fuskarsa, ya karkata kai yana kallonta yadda mai hoton ke kallo. "Amma fa... a can ba wanda ya san ta. Tessi, ko akwai wanda ya san ta?"

Tessi ta ce babu.

Ya durƙusa a gabanta. "Ammacci, ki taimaka wa ɗanki. Wasa ne kawai, minti biyu. Kamar ke ce talakar. Saboda mayunwata za ki yi, lada ne."

Rahelamma ta buɗe baki, Sosamma ta juyo ta yi mata kallo ɗaya, ta rufe. Tsohuwar nan ba ta taɓa ce wa Jomon a'a ba tun yana cikin zane. Aka kai ta bayan rumfa aka cire sarƙar da sarin, aka aro tsohon zanen mai wanke kwanuka aka ɗaura mata, aka zaunar da ita a matakalar coci ba takalmi. Mutane suka taso da kofunan askirim a hannu suna kallo, ana ta raha. Ma'aji ya ce wa ya san Sosamma Cecci 'yar fim ce.

"Mama, sunkuyar da kai kaɗan," in ji mai hoto. "Yi kamar kin kwana biyu ba ki ci ba. Kai, madalla! Kun gani? Ko koya mata ba a yi ba."

Rahelamma ta ji kamar ta kwashe shi da mari. Ta damƙe giciyen wuyanta har ya yi mata shaida a tafi.

Jomon ya ɗauko buhu, ya durƙusa, ya ɗora a cinyar uwarsa, ya dafa kanta ya lumshe ido. Mai hoto ya ce a sake, hasken bai yi ba. Aka ɗauke buhun aka sake ɗorawa. Ya ce a sake, Jomon ya rufe hotonsa na jikin buhun da hannu. A karo na uku komai ya yi daidai. Sosamma ta zagaye buhun da hannuwanta biyu ta manna shi a ƙirji, mai hoto har da tsalle.

"Shi ke nan, a kwashe!" in ji Jomon. A-kori-kura ta riga ta juya baya, ana ta loda sauran. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya kama kunnen buhun ya ja.

Buhun bai taho ba.

"An gama, Ammacci." Ya sake ja. "An gama wasan, saki mana." Ya waiwayi jama'a yana dariya. "Kun ga Ammacci ta shiga wasan da gaske." Maza suka yi dariya. Ya sunkuya, ya rage murya, ya manta da abin da ke maƙale a wuyan rigarsa. "Haba Ammacci, mutane na kallo. Ana jiransa a wani wuri. Shinkafar talakawa ce fa, mai arha. Me za ki yi da ita?"

Sosamma ba ta ɗago kai ba. A hankali ta yi maganar, don shi kaɗai, amma lasifika huɗu suka ɗauka suka watsa har bakin titi.

"Dafawa zan yi, mone. Ka bar mini wannan ɗaya."

Jomon ya yi dariya, ya juya neman wanda zai taya shi. Biyu ko uku cikin 'yan kwamiti suka fara, suka ji su kaɗai ne, suka haɗiye. Mata ba wadda ta yi. Kowace a cikinsu ta san yadda ake riƙe buhun shinkafa da wasa, ta kuma san yadda ake riƙe shi in ba wasa ba, kuma sun fara sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Accan, Accan na kallon ƙasa. Ya dubi Rahelamma, ita kuwa ta tsare shi da ido. Sai ya mayar da kallonsa kan yatsun da suka nutse a jikin buhun, ya daɗe yana kallo, hannunsa har yanzu na riƙe da kunnen.

"Ammacci?" in ji shi, da wata murya da ba a ji ya yi jawabi da ita ba.

Mai hoto ya sake ɗaga kyamara, yana raɗa wa na kusa da shi cewa wannan ya fi na ɗazu kyau nesa ba kusa ba. Rahelamma ta taka ta hau matakalar, ta tsaya tsakaninsa da su, ta ba shi baya, ta buɗe mayafinta da hannu biyu iya faɗinsa.

"Mama, ɗan matsa, kin tare mini," in ji mai hoton.

Ba ta matsa ba.